Saura Kilo Goma

A wani shagon shinkafa a unguwar Awendjé, kujerar mota ce kan sikeli maimakon buhu. Nazira, mai motar, ta ƙura mata ido.

"'Yata, tsere za ki shiga?" in ji wani tsohon direban taksi.

"Ranar Asabar, Baba. Na cire kujerun baya da kafet, saura kilo goma in rage daga nauyin motar. Amma a wannan mahaifina ya zauna ya koya mini tuƙi, na kuma yi masa alkawarin zagaye ɗaya da shi a filin tseren."

"Kin yi aiki. Kwaltar hana ƙara da ke manne a ƙarƙashin kafet fa? Kankare ta, kilo gomanki na nan. Mayar wa dattijo kujerarsa."

Tana laluben kalmar godiya, ya saɓi buhunsa ya fice.