Kwat ɗin Philemon

"A'a, Mama, kar ki ce min adalci ne!" Dattijon ya buga fayil a gwiwarsa. Bencin gaban kotu ne a Mubi, shi da wata tsohuwa, ina gefensu. "Shekara ashirin ina aikin gwamnati, a ɗora min yaro a kai, wai mutanen garin Betso ba su da kowa a sama? Dole na kai ƙara."

"Kotu kuma ta tsayar da ƙarin girman nasa," in ji matar.

"Shekara shida ke nan. Yau za a yanke."

"Philemon Zira, ko?"

Ya juyo.

"Ɗana ne. Da damina muka binne shi, cikin kwat ɗin da ya ɗinka don sabon ofishin. Malam, in ka ci yau, wa ka kayar?"