Kawu, Kada Ka Sa Hannu Gobe

KAWU: Alo? Salamu alaikum. Wane ne? Rana ta haske min gilashin wayar, ba na ganin suna.

DOGO: Wa alaikumus salam. Kawu, ni ne, Dogo.

KAWU: A'a! Dogon ƙanwata! Manyan masu sayar da motoci! Yau kai ne da tsakar rana?

DOGO: Ni ne, Kawu. Ina wuni?

KAWU: Lafiya lau. Ya aiki?

DOGO: Da godiya. Ya Inna? Ya ƙafar tata?

KAWU: Da sauƙi. Ga ta can gindin mangwaro ta miƙe ƙafa tana ba ni umarni, sai ka ce ita ta dasa gonar. Ya mai ɗakinka? Ya jikata, haƙoran sun fito?

DOGO: Na ƙasa sun leƙo. Kowa sai ta cije shi.

KAWU: Ta gado uwarka ke nan. Ita ma haka ta yi da ni muna yara.

DOGO: Allah sarki. Ya gona? Ya ruwa?

KAWU: Ruwa ya yi gyara.

DOGO: To madalla. Ya... ya Inna?

KAWU: Ka tambaye ta ɗazu, Dogo. Ƙafar ba ta sake hali ba tsakanin gaisuwa da gaisuwa. Kai, bar wannan. An wanke min amaryata? Gobe da hantsi ina wurinku in sa hannu. Farar nan fa, kada ogan naka ya maƙala min mai ruwan toka.

DOGO: Ai Kawu, dama maganar motar ce ta sa na...

KAWU: Me? Alo? Muryarka na yankewa. Tsaya in hau kan surin nan, nan kaɗai sabis yake a duk gonar. Wash, bayana! To, ina ji. Kai kuma wace ƙara ce haka a wurinka?

DOGO: Injin ba taya iska ne. Na zagayo bayan gareji, ba na so a ji ni a ofis. Kawu, jiya wata ta mutu a tsakiyar rafi...

KAWU: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wace ce? Ta wajen matarka?

DOGO: A'a, Kawu, mota! Mota ce ta mutu!

KAWU: Kai, amma ka ɗaga min hankali! Sai ka ce mota mana. To ina ruwana da motar wani?

DOGO: Irin taka ce. Sabon zubin nan da za ka ɗauka gobe.

KAWU: Uhum.

DOGO: Wani mai haƙa rijiyoyi ne ya saye ta. Ya shiga rafi, ruwan ma bai kai rabin taya ba, sai giyar taimako, mai sa duk tayoyi huɗu su ja, ta saki da kanta. Fitilun gaban sitiyari suka kama gaba ɗaya, ja da rawaya, motar ta ƙi gaba ta ƙi baya. A ƙasa ya tako har bakin titi kafin ya samu sabis. Da safen nan janwe ya jawo ta.

KAWU: Jan me?

DOGO: Janwe, motar jan mota. Mutumin ya shigo mana da taɓo har gwiwa, yana ta faɗa a gaban masu ciniki. Ni kuma a lokacin ina tsaye da tsumma ina goge taka.

KAWU: To ai Dogo, ko jaki yana tuntuɓe. Motata Tsohuwa sau nawa ta zaunar da ni a hanya? Don ɗaya ta yi gardama ba a ce duk zuriyar ta lalace ba.

DOGO: Ba ita ce ta farko ba.

KAWU: Ban ji ba.

DOGO: Na ce ba ita ce ta farko ba, Kawu. Ga su nan ina kallonsu, a jere jikin katanga. Oga ya sa an lulluɓe su da tamfol don kada mai shigowa ya gani. Duk ciwo ɗaya: da sun ji ruwa ko taɓo, sai ƙwaƙwalwar motar ta rikice.

KAWU: Tun yaushe suke nan?

DOGO: An ɗan kwana biyu.

KAWU: Ba abin da na tambaye ka ke nan ba. Ranar da na zo da abokina muka zagaya motar, suna nan?

DOGO: Kawu...

KAWU: Alo? Layin ne ya yanke ko kai ne?

DOGO: Ni ne. Suna nan. Ba su kai yawan na yau ba, amma suna nan.

KAWU: Ikon Allah. Dogo, ranar nan na ja ka gefe. Na riƙe hannunka na ce, tsakaninka da Allah, motar nan za ta haye rafin gonata da damina, da ni da Innarka a ciki? Me ka ce min?

DOGO: Don Allah, Kawu.

KAWU: Faɗa min dai, tsufa ya fara cin kaina.

DOGO: Na ce ko kogi ne za ta haye.

KAWU: Har da dariya.

DOGO: Wallahi tun ranar ban ƙara jin daɗin abinci ba. Oga yana tsaye a bayanka yana min murmushi, ga shi ya riga ya ce duk wanda bai fitar da sabuwar ba a watan nan ya nemi wani wurin. Kai kuma ka shigo kana ce wa abokinka, ga ɗana, shi ne mai wurin nan. Sai bakina ya kama karatun da aka koya mana. Na ce wa raina wataƙila waɗancan tsautsayi ne, ko direbobin ne ba su iya ba. Yau da na ga mutumin nan da taɓo, sai na ga kai ne. Na ga Inna a tsakiyar ruwa da ƙafar da ba ta takawa, ga ba sabis.

KAWU: Hm.

DOGO: Tun safe nake danna lambarka ina kashewa. Ka yi min faɗa, Kawu, ya fi min wannan shirun.

KAWU: Faɗan me? Na yi maka faɗa lokacin da kake satar min mangwaro ɗanye, yanzu kai ma uban wata ne. Tsaya, Innarka ke magana... Ba komai! Dogo ne, yana gaishe ki! A'a, zauna abinki, ina zuwa!... To. Yanzu ajiye rigar dillali, ka yi min magana kamar ɗan da na goya. Motar nan duk banza ce?

DOGO: A'a, gaskiya ba banza ba ce. Kujerun ka ji su da kanka. Birkinta ya fi na tsohon zubi nesa ba kusa ba, ba ta shan mai kamar Tsohuwa, kuma matakinta ya yi ƙasa, Inna za ta hau ba sai an ɗaga ta ba. Waɗanda ke yawo da ita cikin gari, ko ɗaya bai dawo da kuka ba.

KAWU: Ka ji ko! Abin da ya ja ni ke nan. Kai ba ka san yadda bayana ke yi ba idan Tsohuwa ta faɗa rami. Sai na kwana ina juyi.

DOGO: Na sani. Amma kai ba cikin gari za ka bi da ita ba. Sun canza komai a lokaci ɗaya: inji sabo, giya sabuwa. Giyar taimakon da kake ja da sanda a Tsohuwa, a wannan maɓalli ne, ƙwaƙwalwa ce ke yanke shawara. In ta ga dama ta ba ka, in ta tsorata ta ƙwace.

KAWU: Mota mai tsoro! To kamfanin me suka ce?

DOGO: Sun ce sun gano matsalar, za su aiko da gyara. Wata na'ura ce a ƙarƙashi da ruwa ke shiga. Kullum ana cewa kayan suna hanya.

KAWU: In sun iso, shi ke nan ta warke?

DOGO: Wataƙila. Wallahi ban sani ba. Bakanikenmu ma ya ce sai an sa an gwada damina guda kafin ya yi rantsuwa.

KAWU: Garantin da ka yi ta kaɗa min a fuska fa?

DOGO: Yana nan, za a gyara kyauta.

KAWU: Garanti takarda ce, Dogo. Ba ta naɗe wando ta shiga rafi ta tura mota. In ta tsaya min a nan, mai gyaran bakin kasuwa zai iya taɓa ta?

DOGO: Ko murfin ya buɗe ba abin da zai gani. Sai an jona ta da kwamfuta, kwamfutar kuma tana wurinmu.

KAWU: Tsohuwa kuwa da waya da filaya muke shiryawa. To a ganinka?

DOGO: Ka jira. Sabon zubi, shekarar farko masu saye ne ke gwada wa kamfani. Bari ta ga damina a hannun wasu, a gyara abin da za a gyara. In ba ka iya jira, akwai ragowar tsohon zubi a wurinmu, sabuwa fil, sai dai kujerar ba ta kai waccan laushi ba, kuma ba fara ba ce. Ko ka sa a sake wa Tsohuwa sifirin da kujera. Amma don Allah kada ka sa hannu gobe.

KAWU: Kai ka ji kunyarka, ni ka san tawa? Na riga na ce wa maƙwabcina ya zo jibi ya ɗauki Tsohuwa, har ya share mata wuri a ƙofar gida. Duk abokan zamana sun san farar mota na zuwa, har da mai cewa a gaba zai zauna. Innarka ta ɗinka wa kujerun riguna, da zare mai ruwan ganye, ta ɓoye su wai kada in gani. Yanzu da furfurata zan bi gida gida ina janye magana.

DOGO: Ni na jawo maka. Ka ce musu laifina ne.

KAWU: In ce musu ɗana ya yi min ƙarya? Wannan ai ta fi waccan ciwo. Kuma ba kai kaɗai ba ne. Ni ma da na ga ƙyallin nan, tambaya ɗaya na yi na rufe baki, don ba na son jin amsa ta biyu. Kowa ya hau motar kwaɗayi, ka san tashar da ake sauke shi. Ba zan zo gobe ba. Tsohuwa ta ƙara damina ɗaya, ni da bayana mu yi haƙuri.

DOGO: Na gode, Kawu. Wallahi kamar an sauke min dutse. Ka yafe...

KAWU: Dakata. Sabon zubin nan, ni kaɗai ka yi wa tallarsa?

DOGO: Na'am?

KAWU: Sarai ka ji ni, ina kan suri.

DOGO: Akwai... na sayar da ɗaya makon jiya.

KAWU: Wa?

DOGO: Wata ungozoma. Tana da ɗan asibitin haihuwa a bayan gari, ita ke zagaya ƙauyuka tana ɗauko mata.

KAWU: Ta yi tambaya?

DOGO: Ta yi.

KAWU: Me ta ce?

DOGO: Ta ce... idan mai naƙuda tana kwance a baya, ga ruwa ya sauko, motar za ta kai su?

KAWU: Kai kuma ka ce?

DOGO: Abin da na ce maka.

KAWU: Ko kogi ne.

DOGO: Kawu, don girman Allah.

KAWU: Ita ba ta da ɗan ƙanwa a wurinku, ko? Ba wanda zai zagaya bayan gareji ya kira ta.

DOGO: In na kira ta, gobe za ta dawo da motar, kuma Oga zai san daga ina maganar ta fito. Kai zan iya cewa ka fasa ne kawai. Ita kuwa... Kawu, aikin nan da ƙyar na same shi, kai ka sani. Ga yarinya ƙarama.

KAWU: Na sani. Ba zan ce maka ba za a kore ka ba, don ni ba na faɗin abin da ban tabbatar ba. In an kore ka, gonar nan ba ta taɓa korar kowa ba. Dogo, ɗaga kanka. Me kake gani ta gabas?

DOGO: Rufin gareji ya tare min.

KAWU: To ni ina gani. Hadari ne ya haɗo, baƙi ƙirin. Kana da lambarta?

DOGO: Tana cikin wayata. Amma bari in yi tunanin yadda zan fara, ko zuwa gobe in...

KAWU: Ka fara da gaisuwa, ai na ga ka iya ta. Katin nawa ya rage maka?

DOGO: Ɗan kaɗan ne, har sun yi min gargaɗi.

KAWU: To sauka daga layina, kada ka ƙarar da shi a kaina.

DOGO: Kawu, ka dai ce ka yafe min tukuna. Kawu? Alo? Alo, Kawu?