Fasinjan Baba Na Ƙarshe

MARDIYYA: Salamu alaikum. Inna? Kina ji na?

INNA: Wa alaikumus salam. Wa ka magana?

MARDIYYA: Ni ta, Mardiyya, daga Gummi. Ina wuni?

INNA: Af, auta! Lahiya lau. Ya gida? Ya maigidan naki?

MARDIYYA: Lahiya lau, shina gaishe ku. Ya ƙahwar taki?

INNA: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya aikin asibiti? Ruwa bai shiga muku gida ba bana?

MARDIYYA: Bai shiga ba, gulbi ya tsaya wajen fadama. Ya Baba?

INNA: Lahiya lau.

MARDIYYA: Inna, wane mashin na nika ji kusa da ke?

INNA: Na Muttaka na, ɗan ƙanena. Kai Muttaka, bar tukunyar ga, ba ta shiga! Buhun gero ɗai za mu ɗauka.

MARDIYYA: Za ku ɗauka zuwa ina? Inna? Muryarki na yankewa.

INNA: Na ce... bari in matsa gindin tsamiya. Yanzu fa?

MARDIYYA: Ina ji. Ina za ku da buhun gero?

INNA: Wajenki za ni taho. Mutanen daji sun aiko da sahe. Sun ce duk wanda rana ta hwaɗi shina garin ga, shi kuka da kainai.

MARDIYYA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Shi na kike ta ce mani lahiya lau?

INNA: To mi za ni ce miki? Mutanen Zugu tun jiya sunka hwara hita, mu da muke bayansu wa za shi tsaya muna? Gari ya watse. Mashin ɗin Muttaka na na ƙarshe.

MARDIYYA: To ku hau mana, ke da Baba! Ai shina ɗaukar mutum biyu.

INNA: Babanki ya ƙiya.

MARDIYYA: Ya ƙiya kamar ya?

INNA: Ya buɗe akwatin ƙarhe ya hiddo hwarar rigar nan tasa ta jirgin ruwa, mai maɓallan tagulla. Rigar da ko ranar aurenki bai sa ba. Ya sa ta, ga ta kamar an rataya ma sanda. Ya ɗauki gawayi shina bin gida gida, shi ƙwanƙwasa, in babu kowa shi ja layi ga ƙohwa.

MARDIYYA: Ya Rabbi. Kansa ya taɓu?

INNA: Kansa ƙalau, wuyar ke nan. Shekara arba'in da bakwai ina aure da mutum da jirgi. A ci tuwo, jirgi. A yi suna, jirgi. Bara da mijinki ya nuna mai sabbin jiragen ga cikin waya, masu bene goma sha, bai aje ta ba sai da caji ya ƙare. Kwana ukku ba ya cin abinci sosai. Auta, ji nan. Ki ce mai takarda ta hito.

MARDIYYA: Wace takarda?

INNA: Tikiti. Ki ce mijinki ya samo mai wuri cikin jirgi, dole shi taho Gummi yau. Wannan ɗai za shi ɗora shi bisa mashin.

MARDIYYA: Inna, ƙarya za ni yi ma Baba? Kan wanga abu?

INNA: Ki yi, zunubin na wuyana. Ga shi nan tahe. Malam! Ga auta.

BABA: Salamu alaikum, likitar Gummi!

MARDIYYA: Baba, ina wuni? Ya ƙarhin jiki?

BABA: Jiki sai godiya. Ya maigidan? Ki ce mai har yau ina ganin jirgin nan cikin idona. Ki ji fa, wurin wanka bisa rufi! Ruwa bisa ruwa! Mu namu ko rabin wannan bai kai ba, kuma mu ga babu kamarsa duniya.

MARDIYYA: Baba, dama kan maganar na kira. Ya samo maka wuri. Tikiti ya hito.

BABA: Iye?

MARDIYYA: Tikitin jirgi. Amma sai ka taho yau, ana son hotonka da sa hannu.

BABA: Masha Allah. Fasinja ko ma'aikaci?

MARDIYYA: Fasinja mana.

BABA: Kai, kai. Ni zaune, wani shi kawo mani shayi. Daga ina za shi tashi?

MARDIYYA: Daga... daga Ikko.

BABA: Ikko. Wace rana?

MARDIYYA: Jumma'a mai zuwa.

BABA: Auta, auta. Ke ko kina ƙarama in kin sha nonon Innarki cikin ƙwarya, hwarin da ya rage bisa leɓenki ka tona ki. Jirginmu da ya yi tahiyarsa ta ƙarshe daga Ikko, ni na sauko da akwatunan ƙarshe da hannuna. Tun ba a san za a haihe ki ba. Na tsaya bakin ruwa har hayaƙinai ya ɓace, ina kuka kamar mace ta mutu mani. Innarki ta sa ki, ko?

MARDIYYA: Baba, ka yi haƙuri. Don Allah, don Annabi, ka hau mashin ga.

BABA: Ban ji haushi ba. Wallahi na ji daɗi, ko na minti ɗaya na. Amma ban gama ɗakunana ba.

MARDIYYA: Waɗanne ɗakuna kuma?

BABA: Na sha hwaɗa muku, ba ku saurare. Ina yaro na raka shanu Ikko, na samu wankin kwano cikin jirgi, daga nan anka ba ni riga. Kowane mako sai a busa ƙaho a koya muna yadda aka yi in jirgi za shi nutse. Kowa da ɗakunan da za shi ƙwanƙwasa. Wanda babu kowa, ka ja mai alli. Ba ka shiga kwale-kwalen tsira sai ɗakunanka sun ƙare. Shekara huɗu ina koyon abin ga, ruwa bai taɓa tambayata ba. Sai ga shi kan tudu.

MARDIYYA: Ai Inna ta ce kowa ya hita!

BABA: Innarki ba ta ƙwanƙwasa ba. Ɗantani na nan.

MARDIYYA: Baba Ɗantani makaho?

BABA: Shi. Kwance cikin zaure, shanyewar jikin nan ta hana shi ko zama. Ɗiyansa sun tahi Bukkuyum neman mota tun hantsi, an ce sojoji sun tare hanya, ba su dawo ba.

MARDIYYA: To a ɗora shi mana!

BABA: Sai da mai riƙe shi ta baya. In na riƙe shi, Innarki ta zauna. In na bi Innarki, shi ya zauna. Ki lissahwa, ke kin yi boko.

MARDIYYA: Muttaka shi kai Inna shi dawo.

BABA: Haka na ce mai.

MARDIYYA: Mi ya ce?

BABA: Ya ce to. Yaron kirki na, ya ce to. Kin san nisan Gummi, kin ga inda rana take.

MARDIYYA: Baba, ba ɗan'uwanka ba na! Kana da mu!

BABA: Kul, kar in sake jin haka. Duk garin ga wa ya taɓa bari na kai labarin jirgi ƙarshe? Limam shi ce lokacin salla ya yi. Ku ku yi dariya ku ce Baba ya kunna. Ɗantani ɗai ka cewa, to Ɗahiru, bayan tashar Takoradi sai ina? Bai taɓa ganin ko gulbi da idonai ba, amma ya san hitilun tashar Las Palmas daga bakina. Ya san kihi mai tashi. Shi za ni bari? Tsaya. Hajiya, hau mana! Riƙe buhun ta gaba.

INNA: Auta, ki ji ni, na bar mai wayar. Na gaji, ba ni da sauran magana. Malam, Allah shi isa tsakanina da jirgin ga.

BABA: Amin, amin, tahi dai. Ga littahin nan nawa na aiki, mai hoto, ki kai ma auta. Muttaka, bi ta gonaki, kar ka bi titi. Allah shi kiyaye. To, sun tahi. Mata su aka hwara saukewa, haka doka take.

MARDIYYA: Baba...

BABA: Daina kukan ga, ba ni jin ki. Na ɗora ruwan zahi, akwai sauran ganye da sukari. Za ni kai mai bisa hwaranti. Shekara huɗu bisa ruwa ban zubar da ko ɗigo ba.

MARDIYYA: Ku shiga cikin dawa ku ɓuya. Ka ja shi ko da tabarma!

BABA: Na gwada. Mun kai bakin ƙohwa numhwashi ya ƙare mani. Bari wannan. Tikitin nan naki, ki ƙarasa mani shi. Wane bene kinka ba ni?

MARDIYYA: Baba, katina za shi ƙare, sun ce saura minti ɗaya. Bari in sawo in kira.

BABA: Ba caji nan, jan layi ɗaya ya rage. Hwaɗi dai. Wane bene?

MARDIYYA: Na... na sama. Na can sama duka.

BABA: Ke ba ki san jirgi ba. Sama ya hi rawa. Na tsakiya aka so.

MARDIYYA: To na tsakiya. Baba, mi nika ji? Muttaka ya dawo?

BABA: A'a. Waɗanga mashinan suna da yawa. Ko la'asar ba su bari anka yi ba.

MARDIYYA: Baba, gudu! Don girman Allah!

BABA: Ɗantani, ina zuwa, ga shayin nan! Auta, gado biyu za ki ce musu, muna da baƙo. Kuma mai taga. Ba wadda ka kallon bakin ƙasa ba, wadda ka kallon ruwa, don in rana za ta hwaɗi in riƙa hwaɗa mai yadda

MARDIYYA: Baba? Baba! Kana ji na? Baba?