Ranar da Yaya Hak-su Ya Karɓi Juya Shafi

Mai girma Fasto Gil, limamin wannan majami'a, shugaban ƙungiyar makaɗa ta birninmu, madugunmu mai riƙe da sanda, manyanmu da suka ajiye aiki, matar yayana, Uwargida Ju Mal-sun, 'yarmu Ye-rim, ɗaliban marigayi da 'yan'uwa makaɗa, ina gaishe ku, ina gaishe mu da haƙuri.

Sunana Tak Sang-pil. Shekara ashirin da bakwai ina zaune kafaɗa da kafaɗa da Malam Namgung Hak-su a sahun masu goge, takardar kiɗa ɗaya muke kallo. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma Yaya nake ce masa, shi kuma bai taɓa kirana da abin da ya wuce "kai" ba. Yau shekara guda da rasuwarsa. An ce in yi magana don ni na fi kusa da shi, kuma wannan kusancin ne ya hana ni sakewa tun da aka ba ni aikin.

Ya kasance ɗan mai gyaran keke wanda ya tafi Jamus da goge na aro, ya dawo da kunnen da duk muke tsoro. Ya kasance mai zuwa kafin kowa, ya shafa ƙaro a bakan da yake goga tsirkiya da shi, ya fere fensir biyu, ɗaya nasa, ɗaya na wanda zai manta, wato ni. Ya kasance mai kai mu kiɗa gidajen tsofaffi da makarantun ƙauye, inda sanyi ke saki tsirkiya, ya ce, "Su ma kunne biyu gare su." Ya kasance mai rowar yabo. In ka yi abin kirki sai ya ce, "To, yau dai ba a kashe kowa ba."

Waɗanda ba makaɗa ba a cikinku, ku ji yadda muke aiki. Mutum biyu ke kallon takarda ɗaya. In shafi ya ƙare, ƙarami ne ke sauke gogensa ya juya, don kada kiɗan babba ya yanke. Shekara ashirin da biyar ni ke juya wa Yaya. Wata safiya muna gwaji sai na tarar da shi a kujerata.

"Yaya, ka ɓata hanya ne?"

"Zauna can. Daga yau ni zan juya."

"Kai? Mutane za su ce ba ni da tarbiyya."

"Ai sun daɗe suna faɗa. Zauna."

Ku san irin wautata. Na ɗauka girma ya ba ni. Ranar na kwashi sahunmu kaf na saya musu gasasshen nama, ina ta washe baki, shi yana gefe yana juya nama a wuta.

Sai da aka yi wata uku na lura. Duk inda kiɗa ya yi gudu a ƙasan shafi, Yaya yakan sauke goge tun saura layi biyu, ya riƙe gefen takarda yana jira. Har tsokanarsa na yi, na ce, "Yaya, takardar ba za ta gudu ba." Bai yi dariya ba. Na kai ido hannunsa na hagu, na ga yatsan zobe ya lanƙwashe ya manne a tafin hannu, yana ƙoƙarin miƙe shi a kan gwiwa. Yatsan nan yana riƙe tsinken cin abinci, yana ɗaura maɓalli, amma da ya ji tsirkiya sai ya naɗe. Juya shafi maɓoya ce ya samar wa kansa.

Me muka yi? Mun yi abin da muka iya, kuma bai kai komai ba. Na raka shi Seoul wajen likitoci uku. An yi masa allura, an soka masa siraran allurai irin na maganin gargajiya, an ba shi saiwoyi masu ɗaci ya sha. Na riƙa danna bakan gogena da ƙarfi a layukan nan don kada a ji giɓin da yake bari. Na bayanmu suka gane, su ma suka ƙara. Sahu guda, mutum goma sha biyu, muka rufa wa yatsa ɗaya asiri shekara biyu, ba wanda ya taɓa ɗaga maganar ko a wurin shan shayi.

Amma kun san ƙa'idar aikinmu. Lokaci-lokaci kowa sai ya shiga bayan labule shi kaɗai ya kaɗa, alƙalai biyar suna saurare ba su ganinsa, ba suna, sai lamba. Wanda ya faɗi ya bar kujera. A shekarar aka sa ni cikin alƙalan, ban isa in ƙi ba.

Aka kira lamba bakwai. Kafin ya taɓa tsirkiya na ji an ja numfashi ta hanci da ƙarfi, na san shi ne. Ya fara da wurin da kiɗan ke tafiya a hankali. Na rantse muku ban taɓa jin ya yi daɗi haka ba. Sai gudu ya zo, sai ƙasan shafi, sai layi biyun nan. Goge ya yi tsit. Muna zaune muna jira, can muka ji ƙarar takarda, an juya shafi. Hannunsa ya riga ya saba. Daga nan sai takun ƙafa, sai ƙofa.

Ban rubuta komai a takardata ba. Sauran huɗun sun isa su yanke hukunci, kuma ban ga laifinsu ba.

Da rana na same shi a shagon miyar ƙashi da ke bayan zauren kiɗanmu. Ya tura mini kwanon kimchi, kabejin nan namu mai tsami da yaji, ya ce, "Nawa ka ba ni?"

"Ban rubuta ba, Yaya."

"Rago. Shekara ashirin da bakwai kana jina, a tambaye ka sau ɗaya ka kasa amsa?" Ya kurɓi miya. "Kada ka gaya wa matata. Na ce mata gajiya na yi."

Ya koma koyarwa a ɗaki biyu saman wani kantin magani, shekara shida, har ciwon hanta ya kwantar da shi. Ɗalibansa, ga ku nan cike da benci uku, wasunku yanzu a sahunmu kuke zaune. Ba ɗayanku da ya taɓa jin ya kaɗa. Da baki yake rera muku, da muryar nan tasa mai kama da ƙofar da ba a sa wa mai ba. In kun roƙe shi ya nuna muku sai ya ce, "Ni kuka zo ji ko kanku?" Kuka ɗauka tsauri ne. Yau kun san dalili, ku yafe masa.

Ye-rim, kin taɓa tambayata me ya sa babanki ya daina zuwa kallonmu. Yana zuwa. A tsaye yake saurare daga bayan ƙofa, ya tafi kafin a tafa.

Matar yaya, saura ke. Makon jiya kin kira ni gida, kin zuba mini shayi, kin ce, "Sang-pil, daina wahalar da kanka, na sani tun ranar da ya bar kujerarsa." Kin ce kullum da safe in kin fita kasuwa yakan kulle kansa a ɗaki da goge, ke kuma kina dawowa ki tsaya a matakala har ya gama. Layi biyun nan kacal yake ta maimaitawa, shekara shida. Kin ɗauki sautin a wayarki ta bayan ƙofa, kwana tara kafin a kai shi asibiti. Kika kunna mini, kika ce, "Ni ban san kiɗa ba. Ya samu kuwa?" Na ce ki ba ni zuwa yau.

Na saurara ya fi sau ɗari. Na nemi yadda zan ce miki e, ban samu ba, kuma da na yi miki ƙarya shi ne zai fara tsine mini. Matar yaya, bai samu ba. Yatsan bai sake shi ba. A wuri ɗaya yake tsayawa, ya ja numfashi, ya koma farko. Ba mu da maganin da za mu ba shi yana raye, yau ma ba ni da wata magana da ta fi wannan da zan ba ki.

Mun gode wa Fasto da majami'a, mun gode wa duk wanda ya bar aikinsa ya zo. Allah ya jiƙan Yaya Hak-su, ya gafarta masa, ya ba iyalinsa haƙurin da mu ba mu iya ba su ba. Ya Ubangiji, mun kasa hana shi komawa farko, Kai ka ce masa ya isa, ya ajiye goge ya huta. Amin.