Ƙadangarena ba damo ba ne

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara wa muryarka lafiya. Sunana Safiya daga Ƙiblatain a Madina, bana na gama karatun ilimin halittu.

Ina kiwon ƙadangare mai gemu, irin na Ostireliya. Da gyare shida yake ci kullum, amma yau kwana tara ke nan yana kwance, ido rabi a rufe, ko ganye bai taɓa ba.

Maƙwabcinmu Ammu Bala, mai gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya leƙa akwatin gilashin da nake ajiye shi ya ce, "Ya binti, ai damo ne, sarkin haƙuri. Haƙurinsa yake yi." Na ce ba damo ba ne. Ya ce tun ba a haifi babana ba yake cin damo. Washegari sai ga shi da wuƙa: "A yanka kafin ya zama mushe, wallah haram a yi asarar nama."

Kun ji masani! Da na auna zafin ƙarƙashin fitilar da ke ɗumama ƙadangaren, digiri ashirin da huɗu na samu maimakon talatin da takwas. Ashe ranar da ya gyara mana mukayyif, kwana tara daidai, shi ya juya iskar ta saiti akwatin, wai kada zafin Madina ya dami "damon".

Na matsar da akwatin. Jiya ƙadangaren ya ɗaga kai, amma bai ci ba. Masu sani, kwana nawa zan jira kafin in kai shi wurin likitan dabbobi?

Ammu Bala ba ya rasa shirin nan. Ina gaishe shi, ya mayar da wuƙarsa kube.