Cikin Wuƙar Baba

Yazid: Salamu alaikum, Inna. Ina wuni?

Inna: Wa alaikumus salam. Kai ne? Ya Fatakwal? Ya aiki?

Yazid: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar? Ya mutanen garinmu, Babban Mutum?

Inna: Da sauƙi. Kowa lafiya. Ya su Fadila da yara?

Yazid: Suna gaishe ki. Inna, "Kai ne" dai har yau? Ko a waya ba za ki kira sunana ba?

Inna: Ka ji shi! Ina ka taɓa jin uwa ta kama sunan ɗan fari? Bar ni da shirmenka.

Yazid: To, na ga kiranki sau biyu. Lafiya?

Inna: Lafiya lau... Wuƙar babanka ce.

Yazid: Me? Ɗaga murya, ana iska a nan.

Inna: Wuƙar! Ta ƙarshen da ya ƙera kafin ya kwanta. Hadiyya maƙwabciyata ta ara ranar suna. Wai don ta kyauta mini, sai ta kai wa mai injin wasa wuƙa a kasuwa.

Yazid: Ai alheri ta yi.

Inna: Alherin ne ya kashe ni! Ya fere mata ciki ƙaf, ya miƙar da ita siririya kamar reza. Ka san babanka ba ya miƙar da baki. Ciki yake bar mata, kamar ɗan kabewa, shi ya sa take shiga ƙashin kaza ta fito lafiya. Jiya na sara ƙashi, ta yi giɓi.

Yazid: Ayya. Kar ki damu, gobe zan sa direba ya kawo miki sababbi, masu ƙyalli.

Inna: Na ce maka ba ni da wuƙa ne? Wannan in na riƙe ta, kamar yana tsakar gida. Yanzu na riƙe, ban san ta ba. Sai da na zauna na yi kuka, wallahi, ni kaɗai da kaji.

Yazid: To a kai wa maƙeran Baure.

Inna: Na aika. Duk inji suka koma. Sun ce sai hannun babanka Ɗantsoho, wannan lilon da yake yi da tsintsiyar hannu a kan dutsen wasa wuƙa. Kai kaɗai ya koya wa.

Yazid: Inna, yaushe rabona da dutse? Hannuna ya manta.

Inna: Bai manta ba. Dutsen na nan gindin darbejiya, kullum sai na share wurin. Wuni ɗaya kawai. Ka zo ka mayar mata da cikinta, in dama maka fura ka koma.

Yazid: Daga Fatakwal saboda wuƙa? Bari dai mu ga bayan Sallah.

Inna: Haka ka ce bara.

Yazid: Inna, katina ya kusa...

Inna: Tsaya mana! In ka ƙara daɗewa giɓin zai ci gaba, babu abin da za ka tarar. Ka ji? Alo? Kana jina?

Inna: Alo?

Inna: Yazid...