Gwiwar Dama da ta Hagu

A layin karɓar magani a wani asibitin birnin Chengdu na ƙasar Sin, wata tsohuwa ta leƙa jakar dattijon da ke gabanta.

"Yaya, ga ƙwayoyi ga saiwoyi! Sanyin ƙashi ne?"

"Shi ne, ƙanwata. Ƙwaya ta gwiwar dama ce, jiƙo na hagu."

"Ba ciki ɗaya suke shiga ba?"

"Ina sha sai in kwanta ta ɓangaren mai shi."

"Likita ya san wannan shirme?"

"Ya ce in sha duka, wai ciwon yakan jawo shanyewar ɓarin jiki. Ni kuwa hagu nake lallaɓawa, jiƙonsa har da zuma."

"Ta dama fa, me ta yi maka?"

"Ba komai. Matata ce hagunta ya shanye bara. In nawa ya tsira, sai mu haɗa mutum guda."